Ranar da Likita Ta Ce Allura ko Ƙwaya

Ba na son yayar mijina, kuma ba zan ɓoye ba don a ce ni mutuniyar kirki ce. Shekara da shekaru ina durƙusa mata in gaishe ta, ina yi mata dambun zogale duk ranar da ta zo daga Ringim, amma tun abin da ya faru da ɗana na fari gwiwata kawai ke kaiwa ƙasa, zuciyata tana tsaye ƙyam.

A lokacin muna haya a Yalwawa, ciki da falo, a wani gida da ke fuskantar dutse. Maigidana ma'aikacin gwamnati ne, ni kuma ina ɗinki a cikin gida. Mahaifiyarsu ta rasu tun yana rarrafe, Yaya ce ta goya shi, ita ta kai shi makaranta, ita ta nema masa aurena. Saboda haka a wurina ita ce suruka. A wurinsa kuwa, in ta ce baƙi fari ne, sai ya ce ai har ƙyalli yake yi.

Yaron ya ci sunan mahaifinsu, shi ya sa take ce masa Babana. Ni ba na ce masa komai. Ɗan fari ne, kuma a gidanmu da nasu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta yi masa wasa a gaban manya, ba ta nuna ta damu da shi. In ya yi kuka a gaban suruka, ki ci gaba da abin da kike yi har a ce miki, "Ke, ɗauke shi mana." Kakata Bafulatana ce, ita ta rene ni a kan haka, kuma ina alfahari da shi. Yaya kan faɗa wa dangi cewa matar ƙaninta akwai kunya, ni kuma in ji kaina ya yi girma kamar an ba ni kambu.

Yana wata biyar abin ya fara. Da safe ne, ya farka daga barci yana kwance a gefen keken ɗinki, sai na ga kansa ya faɗo gaba, hannuwansa sun ware sun dawo kamar zai rungumi wani, gwiwoyinsa sun naɗe zuwa ciki. Ya ɗan yi ƙara, ya saki jiki. Kafin in ajiye almakashi ya sake. Ya yi ta yi, na ƙirga goma sha huɗu, sannan ya yi lamo. Na san jijjigar zazzaɓi, na gan ta a jikin ƙannena, wannan ba ita ba ce. Jikinsa ba zafi, idonsa bai kafe ba. Da yamma da ya tashi daga barcin rana ya sake yi.

Yaya tana gidan a lokacin. Ta zo ganin likitan ido ne ta zarce da zama, kamar yadda ta saba. Na faɗa wa maigida a ɗaki, murya ƙasa-ƙasa. Ya ce, "Ki gaya wa Yaya mana." To ta yaya? Da wane baki zan je in ce mata hankalina ya tashi a kan ɗan fari? Sai na yi dabara, na kwantar da shi kusa da tabarmarta daidai lokacin da zai farka, na koma bakin murhu ina leƙe. Ta gani da idonta, ta ɗauke shi ta jijjiga, ta zura yatsa a bakinsa.

"Haƙori ne," in ji ta.

A wurin Yaya zawo haƙori ne, zazzaɓi haƙori ne, yaro ko daga kan gado ya faɗo haƙori ne. Aka sayo garin haƙori, aka karɓo rubutu, aka yi hayaƙi. Rubutu ban ƙi shi ba, ni ma na sha, kuma har gobe ina addu'a. Amma mako uku suka wuce a haka, yaron da ke ƙyalƙyala dariya in ya ji ƙarar keke ya daina ko murmushi. Ya daina bin fuskata da ido. Wuyansa da ya tsaya ya koma lanƙwasa. Ina gani, ina ci gaba da kai wa Yaya ruwan alwala.

Wadda ta cece mu maƙwabciyata ce, ma'aikaciyar jinya, da ta zo karɓar ɗinkinta ta tarar yana yi. Nan take ta ciro waya ta ɗauki hotonsa mai motsi, ta jira maigida a ƙofar gida ta ce masa gobe-goben nan ya kai yaron wurin likitan yara. Bakin waje ne ya faɗa, sai aka ji. Likitar ta kalli hoton sau biyu, ta tura mu Kano aka manna masa wayoyi a ka aka yi gwajin ƙwaƙwalwa, muka dawo da takarda. Duk inda muka sa ƙafa Yaya tana gaba, ita ke riƙe da shi, tunda babanta ne.

Ranar da muka mayar da takardar, a kan bencin jira na zauna kusa da wata mata daga Miga. 'Yarta irin ciwon nan gare ta, ita ce ta shida a ɗakinta. Matar nan ta cika wurin da surutu. Ta miƙe tsaye a gaban mutane tana naɗe jikinta tana ware hannu, wai tana nuna mana yadda yarinyar ke yi. Ta tare kowace ma'aikaciya da ta gifta ta tambaye ta yaushe za a kira ta. Na matsa gefe na gyara mayafina, a raina na ce Allah ya raba mu da rashin kamun kai.

Aka kira mu. Likitar gajeriyar mace ce, bakinta na mutanen Haɗeja, ba ta da dogon zance. Yaya ta zauna a kujera da yaron a cinya, maigida ya tsaya a bayanta, ni na raɓe a jikin bango.

"Wace ce uwar?"

Yaya ta nuna ni da baki.

"Sau nawa yake yi a rana?"

Na sani sarai. Yakan yi zubi biyar ko shida, kowane zubi ya kusa ashirin. Kafin in buɗe baki Yaya ta ce, "Jefi-jefi ne, likita."

Likitar ta dube ni, na dubi ƙasa. Ta buɗe takardar ta ce wannan wani nau'in farfaɗiya ne na jarirai, kuma ba naɗewar jikin ce abin tsoro ba, abin da ke faruwa a ƙwaƙwalwa ne. Duk ranar da ta wuce ba a tsayar da shi ba, yaron yana asarar abin da ya koya, kuma ba lalle ya dawo ba. Ta ce magani biyu ne a gabanmu, kuma duka wuri ɗaya suke zuwa. Akwai wani sinadari da jiki ke yi da kansa a saman ƙoda, shi ake so ya yi yawa na ɗan lokaci. Allura tana tashin jiki ne ya dafa abinsa, ƙwaya kuma dafaffe take kawo masa daga waje. Allurar a cinya ake yi, yau a yi gobe a huta, tana son sanyi, kuma sai an nemo ta a Kano in an dace. Ƙwayar tana nan a ɗakin magani na asibitin, sau huɗu a rana, mako biyu, sannan a riƙa ragewa a hankali. Kowacce aka ba shi zai kumbura, zai yi rigima, zai ci kamar gara, kuma sai an riƙa auna jininsa.

Maigida ya ce, "To wacce ta fi, likita?"

"Akwai likitocin da suka fi yarda da allurar, akwai waɗanda suka ga ƙwayar tana kamo ta in an ba da ita yadda ya kamata. Tazarar ba ta kai ta jira ba. Wadda ta fi ita ce wadda za a fara yau."

"Allura za a yi masa," in ji Yaya. "Jinin gidanmu ba ya jin ƙwaya. Babanmu har ya koma ga Allah in ba allura aka yi masa ba, bai sha magani ba."

"Mama, ƙwai a baka ya fi kaza a akurki. Ku fara ƙwayar yau. In an samo allurar ku zo mu zauna, amma kada a haɗa masa biyun."

Ta rubuta takarda biyu. Sannan ta juyo gaba ɗaya ta fuskance ni, ta ce, "Ke uwar yaro, me kika ce?"

Na sha tuna wannan tambayar fiye da yadda na tuna ranar aurena. Ina da baki, ina da hankali, na fahimci duk abin da ta faɗa, har na fi su fahimta. Amma Yaya tana zaune, ƙaninta yana tsaye, kuma ɗan fari ake magana a kai. Na kafa ido a kan yatsun ƙafata, na ce, "Duk yadda suka ce." Yaya ta miƙa hannu ta karɓi takardun. Ta allurar ta ba ƙaninta, ta ƙwayar ta ƙulle a bakin zaninta.

Muna fita ta tsaya a tagar ɗakin magani ta sa aka nuna mata ƙwayar. Tana gani ta tafa hannu. "Na rantse da Allah sha-ka-fashe ce! Irin wadda 'yan mata ke sha a Ringim kafin biki don su ciko. Ita za a ɗura wa Babana? Ba da ni ba." Ta kawo labarin wata amarya da ta sha har fuskarta ta yi kamar faranti, daga baya ciwo ya kwantar da ita. Abin da ya fi ba ni haushi shi ne ba ƙarya ta yi ba gaba ɗaya. Dangin maganin ne, kuma wanda ya sha shi da ka yana cutuwa. Amma wuƙar da ɗan daba ke riƙewa ita mahauci ke riƙewa, kuma ba wanda ya daina cin nama saboda haka. Wannan amsar a zuciyata na ba ta, a cikin adaidaita, ina kallon titi.

Maigida ya tafi Kano ranar Asabar neman allurar, ya dawo hannu rabbana. Wani shago suka ce ba su taɓa jin sunanta ba, wani suka ce mako mai zuwa, wani suka miƙo masa wata allurar daban mai kama da sunan, Allah ya sa ya kira likitar ta ce kada ya kuskura. Bayan ya dawo ta kira shi a waya ta tambaye shi ko an fara ƙwayar, ina jin sa ya ce, "E, ana kai." Daga ƙarshe wani ya yi alkawarin sa a kawo daga Legas. Muka zauna jira. Ni kuma na ɗauki allin ɗinki ina ja wa kowane zubi layi a ƙarƙashin teburin keke, inda ba mai gani. Layukan suka cika gefe ɗaya na koma ɗaya gefen.

Kwana na goma sha ɗaya da ganin likita, da safe ya yi wani zubi mai tsawo. Da ya gama ko ƙarar nan da yake yi bai yi ba. Na sa masa nono ya riƙe a baki bai tsotsa ba, idonsa a buɗe yana kallon wani wuri a bayana. Yaya ta leƙo ta ce, "Alhamdu lillahi, sauƙi ya fara samuwa. Kin ga yau ko kuka bai yi ba."

Ban san lokacin da na miƙe ba. Na goya shi, na ce zan je kasuwa sayen zik da shafi, na tari adaidaita na ce asibiti.

A kan bencin nan dai na tarar da matar Miga, ta kawo 'yarta awon jini. Da ƙyar na gane yarinyar. Kumatunta sun cika sun rufe mata ido, tana tsala ihu tana fizgar rigar uwar. Matar ta ce tun kwana na huɗu da fara ƙwayar ba ta sake naɗewa ba, sai dai ci da masifa, ta hana kowa sakat a gidan. Ta leƙa bayana ta ce, "Naki fa? Ya na gan shi shiru?"

Na gaya mata. Ban san dalilin da ya sa na gaya mata ba.

Ta riƙe haɓa. "Kunya? Ke baiwar Allah, ranar wanka ai ba a ɓoyon cibi. Ni da 'yata ta lalace a hannuna gara duk Miga su ce ba ni da kunya. Kunyar za ki goya in ya girma?"

Na tsani matar nan a wannan lokacin kamar in shaƙe ta. Ga ta da kantararren zani da silifas ɗin roba, ko sunan maganin ba ta iya faɗa ba, amma 'yarta tana ihu, nawa yana kwance kamar tsumma.

Likitar ba ta raga mini ba. "Kwana goma sha ɗaya! Mijinki ya ce mini an fara." Ta cire tabarau ta dube ni har sai da na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Sannan ta auna nauyinsa da jininsa, ta sake rubuta takarda ta sa a tafin hannuna ta naɗe yatsuna a kai. Ta nuna mini yadda zan murƙushe ƙwayar a cokali in kwaɓa da ruwan nono. Ta ce in nisanta shi da duk yaron da ke ƙyanda ko ƙarambau, in kawo shi awo, kuma ko sama da ƙasa za su haɗe kada in tsayar da maganin farat ɗaya, domin jikinsa zai saba da na waje ya daina yin nasa. Ta maimaita cewa kada a yi masa allurar a kan ƙwayar.

Na ɓoye maganin a aljihun keke, cikin tarkacen zare. Na ɗaura lokutansa da salla don kada in manta, ina ba shi a kicin da ƙofa a rufe kamar mai satar nama a tukunya. Yana da ɗaci, yakan furzar, in kwashe da yatsa in mayar. A kwana na uku na gaya wa maigida. Na zaci zai tambayi yadda yaron yake. Sai ya dafe kai ya ce, "Kin haɗa ni da Yaya." Abin da ya fito daga bakin uban yaro ke nan. Kuma tsoro bai bar shi ya gaya mata ba, bai bar shi ya ce wa mutumin Kano a fasa ba.

A kwana na biyar ban ja layi ko ɗaya ba. Na shida ma haka. Yaron ya fara cika, ya fara wani irin kuka mai zafi, ba ya sakin nono sai ya tatse ni tas. Ban taɓa jin daɗin kukan yaro irin wannan ba. Yaya da farko murna ta yi, ta ce rubutun ne ya karɓe shi. Daga baya na ga tana latsa kumatunsa tana kallona ta wutsiyar ido.

Allurar ta iso ranar wata Laraba bayan la'asar, a cikin fulas ɗin shayi cike da ƙanƙara, wani direban tasha ya kawo. Yaya ta karɓe ta da hannu biyu. Ba ta ma yi zancen asibiti ba, ta sa ƙaninta ya kira mai kemis ɗin bakin layinmu, wai a fara da zafi-zafi. Mutumin ya yi sallama ya shigo tsakar gida da sirinji a aljihu. Yaya ta zauna a tabarma ta ce, "Miƙo mini Babana."

Yana bayana a goye. Na ƙara tamke majanyi.

"Ba za a yi masa ba, Yaya."

Matar ɗakin da ke kallon namu ta bar wankinta ta tsaya.

"Me kika ce?"

"Na ce ba za a yi masa ba. Yau kwanansa tara yana shan ƙwayar, kwana biyar ke nan bai yi ba. Likita ta ce in aka haɗa biyun za a cutar da shi."

Ta juya ta dubi ƙaninta, shi kuma ya dubi fulas. Ta miƙe tsaye. "A gidan ƙanina? A bayan idona? Kika ɗura wa mai sunan ubana maganin 'yan iska? Ashe kunyar taki ta munafunci ce!"

"Ɗana ne," na ce. "Ni na haife shi. Wata biyu ina kallon sa yana narkewa ina yi miki shiru. Kin ce haƙori, ga bakinsa nan ki nuna mini haƙorin. Takardar da likita ta ce a fara a ranar tana ƙulle a zaninki har yau. Wallahi duk wanda ya taɓa cinyar yaron nan sai dai ya fara ta kaina."

Ban taɓa cewa ɗana a gaban kowa ba sai ranar, kuma da ihu na faɗa, har maƙwabta na leƙe ta katanga. Mai kemis ya ce shi dama ba ya yin irin wannan sai da takardar likita, ya sulale ya fita. Yaya ta ce wa ƙaninta ya karɓe maganin daga hannuna ya zuba a masai yanzun nan. Ya ce, "Yaya, a yi haƙuri." Ya juyo ya ce mini, "Ke ma ki yi haƙuri." Iyakar jarumtarsa ke nan, amma dai bai taɓa aljihun keken ba, wannan na ba shi.

Da gari ya waye ta haɗa kayanta ta koma Ringim. Shekara guda ba ta amsa gaisuwata ba. Kafin wata ya ƙare duk dangi sun ji cewa na ba jariri sha-ka-fashe don in nuna wa kishiyoyin sauri ɗana ya fi nasu ƙiba. Allurar kuwa mun kai wa likitar. Daga baya ta gaya mini an yi wa wani yaro da ƙwayar ba ta yi wa aiki ba, kuma ta tsayar masa. Don haka ba ni da faɗa da allura. Da tana kan teburin likita a ranar farko, da ni zan riƙe cinyar a soka.

Na gama mako biyun, na yi ta ragewa yadda aka ce har ya ƙare. Kumburin ya saɓe. Naɗewar ba ta sake dawowa ba. Murmushinsa ya dawo, amma shi kaɗai ya dawo da wuri. Sai da ya shekara ɗaya da rabi ya zauna, sai da ya shekara uku ya taka. Yanzu shekararsa bakwai, yana shan wani maganin kullum saboda wata farfaɗiyar da ta ɓullo daga baya, kuma bai taɓa furta kalma ɗaya ba. 'Yar matar Miga na gan ta bara a asibiti, tana da ɗan nauyin fahimta, amma ta gaishe ni da bakinta, ta ce a saya mata rake.

Na taɓa tambayar likitar, ba kwana-kwana, ko da an fara a ranar da ta ce da yanzu yana magana. Ta ce ba ta sani ba, kuma duk wanda ya ce mini ya sani ƙarya yake yi. Wani yaron ko da wuri aka kama ciwon haka yake tashi, domin tushen yana can cikin ƙwaƙwalwa. "Amma jinkiri bai taɓa taimakon kowa ba," in ji ta. Yaya kuwa nata hukuncin a yanke yake. Ko da muka shirya, in ta ga yana zubar da yawu sai ta yi ajiyar zuciya ta ce, "Allah sarki Babana, da allurar aka yi da yanzu yana aji biyu."

Bara Allah ya kira Yaya aikin Hajji. Kamar yadda aka saba, ta bi dangi gida-gida tana neman gafara kafin tashi. Ta zo mana bayan azahar tare da ƙannenta mata biyu. Ina zaune a tabarma ina ba yaron fate da cokali, yana juya murfin kwalba a hannu, abin da yake wuni yana yi ke nan. Aka gaisa, aka sha ruwa. Ta yafe wa ƙaninta, ya yafe mata, har da hawayensa. Sannan ta juyo wurina, ta sassauta murya.

"To, ke ma zaman tare ya wuce wasa. Abin da na yi miki da wanda na sani da wanda ban sani ba, ki yafe mini. Ni na yafe miki."

Kowa ya zuba mini ido. Kalma biyu ake jira, kuma na san yadda ake faɗar su. Na goge wa yaron baki da gefen zanina.

"Ni ba ki yi mini komai ba, Yaya. Wanda kika yi mini na zagi da ɓata suna na yafe tuntuni. Sauran ba nawa ba ne da zan yafe. Ga mai shi nan, ki roƙe shi."

Ɗaya daga cikin ƙannen ta ce, "Subhanallahi." Maigida ya kira ni da wata murya da ban san yana da ita ba. Ban ɗaga kai ba. Na zaci Yaya za ta tashi ta zazzaga mini masifa ta fita, kuma da ta yi haka da na fi samun sauƙi. Sai ta ja jiki a kan tabarma har gabansa, tsohuwa da ciwon gwiwa, ta kama hannunsa wanda ba ya riƙe da murfin.

"Babana," ta ce. "Babana, ka yafe mini."

Ya zare hannunsa ya mayar kan murfin kwalbar ya ci gaba da juyawa. Ta jira. Ta sake faɗa, ta sake jira, har aka kira la'asar a masallacin layinmu. Sannan ƙannenta suka ɗaga ta.

An ce na yi rashin imani, kuma wataƙila na yi. Mahaifiyata da ta ji ta kira ni ta wanke ni tas. Ban kare kaina ba. Abin da ban gaya wa kowa ba shi ne na riga Yaya durƙusawa a wurin nan. Na roƙe shi ina yi masa wanka, na roƙe shi ina sa masa riga, na roƙe shi ranar da sa'o'insa suka wuce ta ƙofar gidanmu da jakar makaranta. Ni ma har yau bai ce mini komai ba.